Furen Madagaska: An Tafi Neman Maganin Ciwon Suga, An Dawo da Na Sankara

A bakin ƙofar asibitoci da harabar makarantu da ofisoshi, a kusan dukkan ƙasashe masu zafi, akwai wani ɗan tsiro da ake shukawa don ado wanda masu wucewa ba su cika duban sa sau biyu ba. Tsayinsa ba ya wuce mita ɗaya. Ganyensa kore ne mai sheƙi, yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, kowanne da farin layi a tsakiya, furensa kuma mai kunnuwa biyar ne, wani ruwan hoda, wani fari mai jan ɗigo a cibiya. Ba ya mutuwa da ɗaukewar damina kamar sauran ciyayi. Muddin yana samun ɗan ruwa, yakan yi shekaru a wuri ɗaya yana fure rani da damina, abin da ya sa masu harshen Hindi a Indiya suke ce masa sadabahar, wato wanda kullum yake cikin lokacin furensa. Asalinsa tsibirin Madagaska ne, inda kusan dukkan nau'o'in jinsinsa suke, kuma daga can jiragen ruwa suka ɗauki irinsa zuwa lambunan Turai a tsakiyar ƙarni na 18, daga nan ya bazu duniya.

Masana tsirrai suna kiran sa Catharanthus roseus. Carl Linnaeus na Suwidin ne ya fara raɗa masa suna a 1759, ya ce Vinca rosea, kafin George Don ya mayar da shi jinsin da yake a yau a 1837. Tsohon sunan bai ɓace ba, domin shi ne a farkon sunayen magunguna biyu da aka samu a ganyen, binbilastin da binkiristin, waɗanda a jikin kwalba ake rubuta su vinblastine da vincristine. Wanda ya san dajin ƙasar Hausa ya san danginsa ko da bai san shi ba: gida ɗaya suka fito da tumfafiya da kariya da kwankwani, wanda maharba suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi. Dangi ne na masu ɗaci da farin ruwa a jiki, waɗanda suke kare kansu daga ƙwari da dabbobi ta hanyar dafi. A jikin furen Madagaska kaɗai an gano sinadarai fiye da 130 na rukunin da ake kira alkaloyid, kuma tsiron yana ƙera su ne don kada a ci shi.

Idan aka ce tsiro yana da magani, maganar tana iya nufin abubuwa uku da ba su zama ɗaya ba. Tana iya nufin mutane sun daɗe suna shan sa don wata cuta, tana iya nufin an ga wani sinadari a cikinsa yana aiki a jikin ɓera ko a cikin kwalbar gwaji, tana kuma iya nufin an tace sinadarin, an auna shi, an gwada shi a jikin marasa lafiya har an tabbatar amfaninsa ya rinjayi cutarwarsa. Yawancin gardamar da ake yi tsakanin masu maganin gargajiya da likitocin asibiti tana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan ukun. Furen Madagaska yana cikin tsirrai ƙalilan da suka bi matakan duka har ƙarshe, kuma abin lura a tarihinsa shi ne cutar da ya shiga da sunanta a matakin farko daban take da wadda ya fita da sunanta a na uku.

A Madagaska an yi amfani da ganyensa don sa amai, saiwarsa kuma don wankin ciki da fitar da tsutsa. A Indiya ana shafa ruwan ganyen a wurin da zanzaro ya harbi mutum. Amma sunan da ya fi yi, daga Jamaika zuwa Filifin da Afirka ta Kudu, shi ne na maganin ciwon suga, inda ake dafa ganyen a sha kamar shayi. A 1952 wani likita a garin Black River na Jamaika, C. D. Johnston, ya sa aka aika ganye 25 cikin ambulan zuwa ga Dakta Clark Noble a Toronto ta Kanada, don a bincika ko gaskiya ne yana rage suga. Ba a banza aka zaɓi Clark Noble ba. A 1921, lokacin da Frederick Banting yake neman ɗalibin da zai taimaka masa a aikin da ya haifar da insulin, maganin ciwon suga, Noble da abokinsa Charles Best ne aka ba shi, suka jefa kwabo don sanin wanda zai fara, Best ya ci, tarihi kuma ya riƙe sunansa. Sa'ad da ambulan ɗin ya iso, Clark Noble ya riga ya bar aikin ɗakin bincike, sai ya miƙa shi ga ƙanensa Robert Noble a Jami'ar Yammacin Ontariyo, a garin Landan na Kanada.

Robert Noble da abokan aikinsa sun ba dabbobin gwaji ruwan ganyen ta baki, sugan jininsu bai motsa ba. Da wani ne, a nan zai rufe littafi ya ce magana ta ƙare. Su sai suka yi tunanin ko ciki ne yake lalata sinadarin kafin ya kai jini, kamar yadda yake lalata insulin, don haka suka koma yi wa ɓeraye allurarsa. Suga dai bai sauka ba, amma ɓerayen suka riƙa mutuwa bayan 'yan kwanaki, jikinsu cike da ƙuraje masu mugunya. Da aka bi diddigi sai aka ga wata ƙwayar bakteriya ce ta kashe su, irin wadda lafiyayyen ɓera yake iya yaƙa ba tare da wahala ba, kuma dalilin da ya sa suka kasa yaƙarta shi ne fararen ƙwayoyin jininsu sun zube ƙasa warwas, ɓargonsu ya daina ƙera sababbi. A nan ne Noble ya yi tunanin da ya canza akalar aikin baki ɗaya: sankarar jini cuta ce da fararen ƙwayoyin jini suke hayayyafa ba linzami, saboda haka abin da yake iya durƙusar da su a jikin lafiyayyen ɓera zai yiwu ya taka musu birki a jikin mara lafiya.

Sauran aikin na masanin sinadarai ne, kuma shi ne mafi wahala. Charles Beer, wanda ya zo daga Ingila ya shiga ɗakin binciken a 1954, ya shafe shekaru yana rarraba ruwan ganyen kashi-kashi, kowane kashi a yi wa ɓera allurarsa a ƙirga jininsa, a zubar da wanda bai yi aiki ba, a sake rarraba wanda ya yi. Ganyen da ake aiko musu daga Jamaika bai isa ba, sai da suka koma shuka tsiron a ɗakunan gilashi a Ontariyo. A 1958 Beer ya samu sinadarin tsantsa, shi ne binbilastin. A wannan shekarar Noble ya gabatar da sakamakon a wani taron masana a Niyok, kuma bai ɓoye cewa katari ya taka rawa a aikin ba, har a taken maƙalarsa ya faɗi haka. A lokacin ne ta bayyana cewa kamfanin Eli Lilly na Indiyanafolis ta Amurka shi ma yana kan wannan tsiro. Gordon Svoboda na kamfanin ya sa shi cikin jerin tsirran da ake gwadawa saboda labarin da ya zo daga Filifin na cewa yana maganin ciwon suga, Irving Johnson kuma ya ga yana tsawaita rayuwar ɓerayen da aka sa wa sankarar jini. Ɓangarorin biyu suka haɗa hannu. A 1961 Svoboda ya ware binkiristin, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1963 da sunan Oncovin.

Akan yi amfani da wannan labari a gardama ta fuska biyu, kuma a ganina kowace fuska tana ɗaukar rabin da ya yi mata daɗi ne. Masu cewa ilimin gargajiya ne ya ba duniya maganin sankarar yara suna tsallake cewa babu wata al'umma da ta aika ganyen da sunan maganin sankara, kuma da'awar da aka aiko shi da ita ta faɗi a gwajin farko. Masu cewa sa'a ce kawai ta ɗakin bincike su ma suna tsallake cewa a cikin dubban ɗaruruwan nau'o'in tsirrai na duniya, wannan ganye bai isa teburin Noble da na Svoboda ba sai don mutane a wurare biyu masu nisa da juna sun lura cewa yana taɓa jiki. Masu shan shayin sun gane daidai cewa akwai ƙarfi a ganyen. Abin da ba su da hanyar ganewa shi ne inda ƙarfin yake sauka, domin ba a ganin yawan fararen ƙwayoyin jini da ido, sai da madubin likita da ƙirga.

Yadda maganin yake aiki yana da sauƙin fahimta idan aka san yadda ƙwayar jiki take rabuwa biyu. Kafin ta rabu, takan kwafi kundin gadonta, sannan ta miƙa wasu siraran zaruruwa daga gefenta biyu, su kama kwafin, su ja rabi nan rabi can. Ana gina zaren ne da wani furotin mai suna tubulin, ana jera shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda magini yake jera tubali. Binbilastin da binkiristin suna manne wa tubulin ne su hana jerin ci gaba, sai ƙwayar ta maƙale a tsakiyar rabuwa, ba ta gama ba, ba ta kuma iya komawa baya ba, har ta mutu. Da yake ƙwayoyin sankara sun fi yawan rabuwa, su suka fi jin jiki. Sai dai ɓargo da bangon hanji da tushen gashi su ma kullum cikin rabuwa suke, jijiyoyin da suke kai saƙo daga laka zuwa yatsu kuma, ko da yake ba sa rabuwa, da irin wannan zaren suke jigilar kayansu daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Daga nan illolin maganin suke fitowa.

Magungunan biyu kusan abu ɗaya ne a siffa. Kowannensu haɗin gida biyu ne, wato katarantin da bindolin, kuma bambancinsu yana wuri ɗaya tak a jikin ginin da ya ƙunshi ƙwayoyin zarra fiye da 100. Duk da haka halinsu a jikin mutum ya sha bamban. Binbilastin ɓargo yake fi dannewa, binkiristin kuma yana raga wa ɓargo amma yana taɓa jijiya, ya kawo sagewar yatsu da ciwon muƙamuƙi da taurin bayan gida, wani lokaci har jan ƙafa. Wannan hali na binkiristin shi ne ya ba shi daraja, domin yawancin magungunan sankara na wancan zamani ɓargo suke ci, ba a iya haɗa su da yawa ba tare da an kashe mara lafiya ba. Samun magani mai ƙarfi wanda illarsa take sauka a wani wuri daban ya buɗe ƙofar haɗa magunguna huɗu a lokaci guda. A 1962 Emil Frei da Emil Freireich na Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa a Amurka suka fara irin wannan haɗi ga yara masu sankarar jini, Donald Pinkel ya faɗaɗa shi a asibitin St. Jude na Memfis, Vincent DeVita kuma ya kai shi ga sankarar kaluluwa ta Hodgkin, inda rahotonsa na 1970 ya nuna cutar ta lafa gaba ɗaya a jikin kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda ta riga ta yi wa nisa. A farkon shekarun 1960 yaron da ya kamu da nau'in sankarar jini mafi yawa a yara, damar rayuwarsa ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. A yau a ƙasashe masu arziki ta kai kusan kashi 90. Binkiristin bai yi wannan shi kaɗai ba, amma har yanzu da shi ake buɗe jinyar.

Afirka tana cikin wannan tarihi tun daga farkonsa. A 1958 Denis Burkitt, likitan tiyata a asibitin Mulago na Kampala, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙi da cikin yara, wadda ta fi yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana cikin sankarar da ta fi kowace saurin girma a jikin ɗan Adam, kuma saurin nan ne ya sa ta fi jin magani. Babban maganinta saikulofosfamid ne, amma ana haɗa shi da binkiristin da metotireksat. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ya yi aikin tiyata da koyarwa a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna ana iya warkar da ita da magani, kuma shi da Burkitt suna cikin likitocin da aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na sankarar yara a 2018, ta zaɓi cututtuka shida da za a sa wa ido: sankarar jini, ta Burkitt, ta Hodgkin, ta ido, ta ƙoda da wani nau'in ƙarin ƙwaƙwalwa mai girma a hankali. A jinyar dukkan shidan ana samun ɗaya daga cikin magungunan wannan fure.

A nan mai karatu zai iya tambaya, tun da furen yana bakin ƙofa, me zai hana a dafa shi a ba mara lafiya. Amsar tana cikin lissafi. Ana buƙatar busasshen ganye kimanin kilo 500 kafin a samu giram ɗaya na binbilastin, binkiristin kuma kimanin kilo 2,000. Allurar binkiristin da ake yi wa babban mutum a lokaci guda galibi ba ta wuce miligiram 2, wanda a wannan lissafi ya yi daidai da abin da yake cikin busasshen ganye kilo 4. Babu tukunyar da za ta fitar da wannan cikin kofi. Ko da ta fitar, hanji ba ya tsotsar binkiristin yadda ya kamata, shi ya sa ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi. Abin da mai shan dafaffen ganyen zai samu shi ne sauran alkaloyid fiye da 100 a gwargwadon da babu wanda ya auna, wanda yake canzawa da irin ƙasar da tsiron ya fito da shekarunsa da lokacin da aka tsinke shi. Babbar asarar kuma ta lokaci ce: sankarar Burkitt tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda haka makonnin da aka ɓata ana jiƙo su ne makonnin da cutar take da sauƙin warkewa.

Hatta a asibiti, tazarar da take tsakanin magani da dafi a nan siririya ce ƙwarai. Idan allurar ta zame daga jijiya ta shiga tsoka, tana ƙone naman wurin. Idan aka yi kuskuren zuba binkiristin a ruwan laka, kusan ko da yaushe mutuwa ce, kuma kuskuren ya sha faruwa a ƙasashe daban-daban domin yaro mai sankarar jini yakan karɓi binkiristin ta jijiya da metotireksat ta laka a rana ɗaya, sirinji biyu a kan faranti ɗaya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa a riƙa zuba binkiristin a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, don ledar ba ta haɗuwa da allurar laka.

Batun ciwon suga, wanda shi ne mafarin komai, bai mutu ba. Daga baya an yi gwaje-gwaje a jikin ɓeraye da zomaye da suka nuna ruwan ganyen yana rage suga zuwa wani mataki, wasu alkaloyid ɗinsa kuma, ciki har da bindolin, sun nuna alamar aiki a kwalbar gwaji. Wannan mataki na biyu ne a cikin ukun da aka ambata, kuma a nan maganar ta tsaya: babu wani maganin ciwon suga daga wannan tsiro da ya tsallake gwajin marasa lafiya har hukumomi suka amince da shi. Mai ciwon suga zai sha maganinsa ne kullum har tsawon rai, don haka ma'aunin amincin da ake nema a wurinsa ya fi na maganin sankara tsanani nesa ba kusa ba, kuma tsiron da aka san yana danne ɓargo yana da jan aiki kafin ya cika wannan ma'auni.

Dalilin da ya sa tsiron yake rowar waɗannan sinadarai biyu ya ɗauki masana shekaru kafin su fahimta. Ƙera binbilastin a jikin ganye yana bin matakai kusan 30, kuma ba a ɗaki ɗaya ake yin su ba. Aikin yana farawa a wani rukunin ƙwayoyin ganye, ya wuce zuwa fatar ganyen, ya ƙare a wasu keɓaɓɓun ƙwayoyi na ciki. Bincike ya nuna katarantin yana taruwa a kakin da ya lulluɓe bayan ganye, bindolin kuma yana ciki, wato tsiron yana ajiye gidajen biyu a rabe, kuma ana ganin sai ƙwaro ya tauna ganyen suke haɗuwa sosai. Wannan rarrabuwa ce ta sa yunƙurin noma ƙwayoyin tsiron a cikin tanki bai biya buƙata ba, domin ƙwayoyin tanki ba sa ƙera bindolin. Mafitar farko ta zo daga Faransa a tsakiyar shekarun 1970, inda Pierre Potier da abokan aikinsa suka gano yadda za a ɗauko gidajen biyu, waɗanda suka fi yawa a ganye, a haɗa su a ɗakin bincike. Daga wannan aiki aka samu binorelbin, wanda aka amince da shi a Faransa a 1989 don sankarar huhu, ana kuma amfani da shi a ta mama. A 2018 ƙungiyar Sarah O'Connor a cibiyar John Innes ta Ingila ta gano matakan da suka rage ba a sani ba, a 2022 kuma masu bincike a Denmak tare da Jay Keasling suka yi wa yis irin na burodi gyare-gyare 56 a kundin gadonsa har ya ƙera katarantin da bindolin da kansa. Abin da yis ɗin ya bayar kaɗan ne ƙwarai, bai kai na kasuwa ba, saboda haka har yanzu gona ce tushen maganin, musamman a Indiya da kudancin Madagaska.

Wannan ya kawo mu ga tambayar wa ya ci riba. An daɗe ana kafa misali da furen Madagaska a matsayin kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi: tsiro na tsibiri matalauci, riba ta kamfanin Amurka, tsibirin kuma bai samu kaso daga haƙƙin mallakar maganin ba. Ƙorafin yana da tushe, kuma yana cikin misalan da aka riƙa ambata a muhawarar da ta kewaye yarjejeniyar kare halittu ta Riyo a 1992, wadda ta tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan albarkatun halittunta, da ƙa'idar Nagoya ta 2010 da ta fara aiki a 2014, wadda ta shimfiɗa yadda za a nemi izini a kuma raba amfani. Amma idan aka zo biyan bashin sai lissafin ya rikice. Ganyen Noble daga Jamaika ya zo, labarin da ya ja hankalin Svoboda daga Filifin, tsiron ya yi kusan shekara 200 a lambunan duniya kafin a gwada shi, kuma a 1958 Madagaska tana hannun Faransa, Jamaika tana hannun Ingila. Idan haƙƙin na asalin tsiro ne, na Madagaska ne; idan na ilimi ne, na Jamaika da Filifin ne, ilimin kuma na wata cuta ce daban. Ƙa'idar Nagoya ba ta komawa baya, Amurka kuma ba ta tabbatar da yarjejeniyar Riyo ba. A ra'ayina, wanda ya fi kowa hujja a yau shi ne manomin kudancin Madagaska da yake tsinke ganyen ya shanya ya sayar a kan kilo, domin nasa haƙƙin bai dogara da warware tarihi ba, farashi ne da za a iya gyarawa a kakar bana, kuma shi ne zai fara rasa kasuwa ranar da yis ya fara biyan buƙata.

Rabon da ya fi muni shi ne na maganin kansa. Binkiristin ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma arha yake idan aka gwada shi da sababbin magungunan sankara. Arhar ce ma take kawo matsala, domin kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsa. A 2019 kamfanin Teva ya daina yin sa don kasuwar Amurka, aka bar Pfizer shi kaɗai, aka shiga ƙarancin da ya tayar da hankalin likitocin yara, domin maganin ba shi da madadi. Idan haka ta faru a Amurka, ana iya kwatanta halin asibitin da yake sayo maganin daga waje da kuɗin ƙasar da darajarsa take faɗuwa, ya kuma ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 da 8 a garin da wutar lantarki take zuwa tana ɗaukewa. Alƙaluman hukumar sun nuna a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi kuma ba su kai kashi 30 ba, saboda jinkirin zuwa asibiti da kuskuren gano cuta da yankewar magani da iyayen da kuɗi yake ƙare musu a tsakiyar jinya. Burin shirin 2018 shi ne a kai kashi 60 a duniya kafin 2030. A ƙarshen 2021 hukumar da asibitin St. Jude suka sanar da wani tsari na dala miliyan 200 don samar da magungunan sankarar yara kyauta ga irin waɗannan ƙasashe, aka fara kai kaya a farkon 2025, Zambiya kuma tana cikin rukunin farko.

Ko maganin ya iso lafiya, akwai sauran tambayar awo. Gwargwadon binkiristin da ake ba yara, miligiram 1.5 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, an tsayar da shi ne daga gwaje-gwajen da aka yi a Amurka da Turai. Hanta tana narkar da maganin da wani sinadarin aiki mai suna CYP3A5, wanda mafi yawan mutanen Afirka suke da shi mai ƙarfi, Turawa kuma ƙalilan ne suke da shi. Likitoci a Amurka sun lura cewa yara baƙar fata ba su cika samun ciwon jijiyar da maganin yake kawowa ba kamar yara farar fata, binciken da aka yi a garin Eldoret na Kenya kuma ya samu yaran can ba su cika fama da wannan illa ba. Da farko wannan yana kama da albishir, amma yana iya nufin jikin yaran yana fitar da maganin kafin ya gama aikinsa, wato awon da yake cikin littafi ya yi musu kaɗan. Masu bincike a Kenya da abokan aikinsu na waje sun bi wannan tambaya, suna auna yawan maganin a jinin yara don a gane ko ya kamata a ƙara musu.